Burtalin da Ya Ratsa Gonar Inna

Duk kaka sai an zub da jini tsakanin manoma da makiyaya a yammacin Bukkuyum, kuma kowa rantsuwa yake yi shi aka zalunta. Shi ya sa aka tura Abdulbasit, ma'aikacin safiyo, ya nemo tsohon burtali, hanyar shanun da ta ɓace.

Aikin ya ci shi. Ya ɗauko hoton da jirgin sama ya ɗauka tun zamanin kakanni, ya ɗora shi kan sabon hoton tauraron ɗan'adam, sai ga burtalin ya fito ɓaro-ɓaro, gonaki sun haɗiye shi. Babu wanda ya sace shi rana ɗaya. Manomi dai, Allah ya shirye shi, duk damina sai ya ƙara kunya guda a bakin gona, ya ce ai shanu ba za su lura ba.

Da na'urar GPS a hannu ya riƙa bin gonaki yana kafa duwatsun iyaka, Arɗo Jibo na makiyaya na biye da shi a matsayin shaida. Abdulbasit ya sha zagi har ya daina ji. Ƙafafunsa sun kumbura, ya gaji da mutane, ya gaji da kansa.

A ƙauyensu layin burtalin ya ratsa tsakiyar gonar waken mahaifiyarsa, Inna Tabawa, gonar da take ci da ita tun rasuwar babansa. Ya tsaya. Da zai gusa taku kaɗan, wa zai sani? Arɗo bai iya karanta na'ura ba.

Inna ta miƙe daga cikin waken, ta riƙe ƙugu.

"Mi ƙarhen naka yac ce?"

"Inna, nan burtalin ya biyo."

"Na sani. Kunyoyin ga na ƙarshe ma kai kaɗ ɗaga su, shekarar da kaz zo hutu."

Arɗo Jibo ya kau da kai. "Malam, a karkata kaɗan, shanu na iya matsuwa."

"A'a, Arɗo," in ji Inna. "In ya karkata nan, duk duwatsun da yak kahwa baya ƙarya na."

Abdulbasit ya haƙa ramin dutsen. Waken bai gama nuna ba, amma Inna ta duƙa ta fara tsinka. Sai ya ajiye na'urar ya riƙe mata kwando.