Mayafi a Tagar Ɗakin Gwaji

Layin da ke kan allon kwamfuta ya sake wargajewa, Injiniya ta ja tsaki mai ƙarfi. Ƙarfe goma da rabi. Sha ɗaya daidai Farfesa mai kula da bincikenta zai shigo da baƙon da zai yi mata jarrabawa, mutumin da sau ɗaya yake zuwa a shekara. In abin bai yi aiki a gabansa ba, sai kuma baɗi, ga shekara huɗu ta riga ta zuba a kai.

Aikin nata a baki ba wuya. Leza biyu ne a kan tebur, wato na'urori masu fitar da siririn haske, babba da ƙarama. Babbar tana cusa haskenta cikin ƙaramar, ƙaramar ta bi takunta sak, sai saƙo ya ratsa zaren gilashi a guje ba tare da ya cakuɗe ba. Da sassafe lafiya lau suke. Amma mako uku ke nan, da hantsi ya ɗaga sai ƙaramar ta ɓalle ta kama gabanta. Ta sauya waya, ta goge gilashi, har Farfesa ya duba ya ɗaga kafaɗa.

Inna mai shara ta turo ƙofa da bokitinta.

"Oh ni! Yau ma faɗan ake da 'ya'yan naki?"

"Inna, don Allah ba yau ba."

"To, na yi shiru." Ba ta yi ba kuwa. "Ni dai na ga tun ranar da aka cire labulen nan aka kai wanki kike wannan ɓacin rai. Da can har waƙa kike yi."

Injiniya ta ɗago kai. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a gefen teburin, daidai kan akwatin ƙaramar. Ta taɓa shi, da ɗumi. Ita da ta san ɗan zafi kaɗan ya isa ya karkatar da hasken leza! Kunya ta kama ta.

"Kwali, Inna! Ko jarida, ko me!"

Ina! Babu. Inna ta warware mayafinta mai kauri, suka maƙale shi a taga da abin matse takarda. Minti goma sha biyu Injiniya tana kallon allo, sai layin ya tattaru ya miƙe cak.

Baƙon ya yi tambaya har ya gaji, layin ko gezau. Sai wajen ƙarfe biyu ya rufe littafinsa ya ce madalla.

Da suka fita ta ciro mayafin, a ranta tana cewa gobe ta mayar. Tana wuce ɗakin ajiye tsintsiya ta hango mutum zaune kan bokiti a kife.

"Inna! Ba tun sha ɗaya kike tashi ba?"

"In fita titi haka, da ɗankwali kawai? Ke ma dai. An ci jarrabawar?"

"An ci, Inna."

"Alhamdulillahi. Ai sau biyu ina zuwa bakin ƙofa in karɓa, na ji kina ta zuba bayani, na ce bari dai yarinyar nan ta gama."

Injiniya ta durƙusa a gabanta tana godiya. Ta miƙa mayafin da hannu biyu.

"Tashi, tashi," in ji Inna tana yafawa. "Yanzu na goge wurin nan, kada ki jiƙa kayanki."