Giɓin Muhtari Direba

Muhtari ya sake miƙewa daga benci, karo na huɗu ke nan, ya leƙa ƙofar likitan haƙori, ya dawo ya zauna. Takunkumin da ke fuskarsa ya jiƙe sharkaf da gumi, amma ko da wasa bai yi tunanin cire shi ba. Mutumin da ake jiyo dariyarsa tun daga bakin tashar Kaura Namoda, yau shi ne ke magana ta bayan ƙyalle kamar mai tarin fuka.

Wata uku ya yi a daji hannun 'yan bindiga, bayan sun tare motarsa a hanyar Shinkafi. Gindin bindiga ya zubar masa da haƙora biyu na gaba. Kwana tara ke nan da sako shi, yana maƙale a ɗakin wansa a Kaura, ya ƙi ƙarasawa gida Zurmi. Wai jinya yake yi. Jinyar me? Jiki ya warware. Gaskiyar magana 'yarsa Anisa yake gudu, yarinya 'yar shekara shida. Ya rantse ba za ta ga abin da daji ya yi wa bakinsa ba.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Matarsa ce, Rahina.

"Malam, ɗiyar ga ta bar cin abinci. Tun sahe tana zaure. Ta ce ƙarya munka yi mata, ba a sako ka ba."

"Ki ba ta haƙuri. Gobe in Allah ya so..."

"Goben ga taka ta kai tara. In ba ka taho ba yau, wallahi da sahe ni ka ɗauko ta mu biyo hanya."

Ta kashe. Babu wanda zai gaya wa Muhtari halin hanyar nan.

Da aka kira shi, Likita Gideon ya sa shi ya buɗe baki, ya haska, ya ƙwanƙwasa nan da can.

"Malam Muhtari, ana iya yi maka abin da muke kira gada. Haƙoran da ke dama da hagu na giɓin, su ne ginshiƙi. Za mu goge su su rage girma, mu sa musu hula, sababbin biyu su rataya a tsakani. Ba a cirewa, kamar naka."

"A goge masu lahiya? Su can sun ɗauki biyu, kai kuma ka ci biyu?"

Likita ya yi murmushi. "Haka gada take, sai da abin dafawa. In ba ka so, akwai na roba mai cirewa."

"A'a, gadar nika so. Yi man ita yau."

"Yau?" Likita ya ajiye madubinsa. "Akwai guntun saiwa da ya rage a ciki. Sai na cire, dasashi ya warke, in ɗauki awo in aika Gusau. Ka sa wata biyu."

Muhtari ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, har da cewa ko na wani aka yi bai zo ya karɓa ba, a manna masa. Likita ya ce haƙori ba hula ba ne da za a ara. Ya rubuta masa ranar dawowa.

A tasha motar Zurmi ta ƙarshe tana lodi, don bayan la'asar ba mai shiga hanyar. Muhtari ya zagaya ta sau uku. Ya sayi alewa, ya nufi ɗakin wansa, ya juyo. Tsoro yake ji, kuma ba na daji ba. Jaji, direban motar, abokin aikinsa ne na shekaru, ya leƙo ta taga.

"Kai, Muhtari! Shiga ko ka ba mu wuri, ba ɗawafi anka aiko ka ba."

Ya shiga. Har Zurmi harshensa na kai da komo a cikin giɓin.

Anisa na zaune a dokin ƙofar zaure, ta rame. Ta ɗaga kai ta dubi mai takunkumi, ta ja da baya.

"Anisa, ni na."

Ta girgiza kai, bakinta a rufe gam. Ya miƙa alewa, ta ƙi karɓa, ta fara waigen cikin gida. Haka zai yi wata biyu 'yarsa na gudunsa? Muhtari ya durƙusa, ya janye ƙyallen, ya buɗe baki.

Ta zuba wa giɓin ido. Can sai ta wangale nata bakin. Haƙoranta biyu na gaba babu su, ta yi famfara yana daji.

"Baba, kai ma?"

Kafin ya amsa ta yi tsalle ta toshe masa baki da tafin hannunta, tana harar katanga, inda wani jan gwada ke gyaɗa kai.

"Ruhe, Baba! In ƙadangare ya gani ba su hitowa." Ta rage murya. "Yaushe naka za su hito?"

Hawaye ya gangaro ya jiƙa mata yatsu.

"Likita ya ce wata biyu."

"Tab," in ji Anisa. "Nawa za su riga naka."