Takardar Mutuwar Sulle

Tasalla ba mace ce mai son ofis ba. A ganinta, duk inda aka zaunar da mutum a kan benci aka ce ya jira, to ba alheri ake dafa masa ba. Amma ranar wata Litinin, a bazarar 1989, ta sa kayanta na fita kunya, ta ƙunshe wata tsohuwar malfa a cikin ɗankwali, ta hau mota daga Yammedi zuwa Karaye. Alƙali ne ya aike ta. Ɗanta Sunusi zai yi aure, tana so a raba gonar da mahaifinsu ya bar musu ita da ƙanenta Sulle, a fitar wa yaron inda zai noma. Alƙali kuwa ya ce ba zai taɓa gonar ba sai ya ga takardar shaidar mutuwar Sulle.

Wannan takarda ita ce abin da Tasalla ta fi ƙi a duniya, kuma da dalilinta. Ita ta goyi Sulle, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Da ya girma ya kai saniyar da tsohuwar ta bari kasuwa ba tare da shawara ba, sai zuciya ta ɗebi Tasalla, ta tsaya a tsakar gida ta ce masa, "Fita, kada ka sake taka gidan nan sai na kira ka." Magana zarar bunu. Sulle ya ɗauki sandarsa da malfar da ita da kanta ta yi wa ado da jan zare, ya fice.

Bayan wata huɗu sai ga Jibo dillalin shanu ya yi sallama, fuska a murtuke. Ya ajiye malfar da sandar a gabanta ya ce sai haƙuri. A hanyarsa ta dawowa daga kasuwa ya ratsa wata unguwa can wajen Rogo, ya tarar ana watsewa daga jana'iza, ya ga kayan jingine a ƙofar masallaci. Ya tambaya ina mai malfar nan, aka ce shi aka binne yanzu, baƙo ne, ana neman wanda ya san danginsa. Jibo bai ƙara tambaya ba, don ko cikin duhu ya san malfar. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai da ta arba'in. Shekara biyar ke nan, kuma babu ranar da Tasalla ba ta tuna cewa ƙanenta ya bar duniya yana jiran ta kira shi.

Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar sakateriya, kusa da inda ake jingine kekuna. Mai ɗakin, Malam Ɗanmaliki akawu, dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda yake kallon kundayensa kamar yadda makiyayi yake kallon garke. Ya san mai lafiya, ya san wanda gara ta soma ci.

"Sannu da zuwa, Goggo. An zo lafiya? Ya mutanen gida, ya zafi?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Zafi lokacinsa ne. Takardar mutuwa aka ce in karɓo."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙan musulmi. Yaushe aka yi rasuwar?"

"Da damina."

Ɗanmaliki ya sauke tabarau ya dube ta. "Goggo, tun da na kama aikin nan ban ga shekarar da ba a yi damina ba. Wace daga ciki?"

Tasalla ta ɗaure fuska. Ita ba ta ajiye lissafin shekarun Nasara ba, amma ba ta da mantuwa. Ta ce shekarar da aka canja kuɗi ne, gero ya fara fitar da kai, kuma ranar kasuwar Rogo ce, tunda daga can Jibo ya fito.

"Yauwa, yanzu kika yi magana," in ji akawu, har da murmushi. "Tamanin da huɗu ke nan, wajen watan takwas. Da kowa zai zo min da bayani irin wannan, da ban yi furfura ba."

Ya taka kujera ya sauko da wani ƙaton fayil ɗaure da igiya. A ciki akwai takardun da dagatai suke aikowa duk ƙarshen wata, kowa da sunayen waɗanda suka rasu a ƙasarsa. Ya lashi yatsa ya shiga buɗawa. Ya bi watan takwas daga sama har ƙasa, babu Sulle. Ya koma na bakwai, ya zarce na tara, babu. Aka kira azahar ya je ya dawo, Tasalla tana nan a kan benci rungume da ƙunshinta. Da ya ce mata wataƙila dagacin bai aiko ba, sai ta ji wani sanyi a ranta da ita kanta ta ji kunyarsa. Ashe ba ta son a samu.

"Wace shaida aka kawo muku ta rasuwar?" ya tambaye ta.

Ta kwance ɗankwalin ta nuna masa. Ɗanmaliki ya juya malfar a hannu, ya ƙura wa jan zaren ido, sai ya ce, "Tsaya. Na wuce wannan ɗazu." Ya koma baya shafi uku. Malamin dagacin Unguwar Marke mutum ne mai son cika takarda, har kayan mamaci yake rubutawa. Akawu ya karanta a hankali:

"Bappa, baƙo, makiyayi, kimanin shekara saba'in. Zazzaɓi. Ya bar malfa mai jan zare da sanda, na aro ne."

"Ba shi ba ne," in ji Tasalla. "Sulle bai kai arba'in ba."

"Na sani, Goggo. Sunan mamaci nake ta bi tun safe, ban dubi ƙarshen layi ba." Ya ɗora yatsa a gefen takardar, muryarsa ta sauya. "Wanda ya kawo labarin rasuwa: mai masaukinsa, Sulle na Yammedi."

Tasalla ta ce ya sake karantawa, ya sake. Ta ce ai Sulle ba ɗaya ba ne a duniya, kada ya ɗaga mata rai a banza. Sai ya juyo mata da fayil ɗin, ya nuna mata inda mai kawo labari ya dangwala babban yatsansa da tawada. Tasalla ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma wannan ta karanta shi sarai. Wani farin layi ya ratsa tsakiyar dangwalen a karkace. Ita ta yi masa wannan tabo da lauje, suna yara, garin yankan ciyawa, har ta sha duka a kai.

Guɗar da ta saki sai da masinjoji suka leƙo ta taga, a zatonsu an kawo amarya sakateriya. Tana guɗa tana kuka, tana sa wa Ɗanmaliki albarka, shi da kundayensa har da garar da ta ci gefe ta bar tsakiya.

"To, takarda dai ba za ki samu ba," in ji shi yana goge tabarau, don nasa idon ma ya kawo ruwa. "Shekara ashirin da biyu ina raba wa mutane takardar kuka. Yau ce rana ta farko da na hana, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na yau ba. Ki gaya wa alƙali in yana son magana a kan gonar, ya jira mai ita."

Ba ta koma Yammedi ba. Ta kwana gidan wata 'yar uwa a Unguwar Hajji, da sassafe ta hau akori-kura zuwa Rogo, daga nan ta taka da ƙafa. Tana tafe tana zagin Jibo, can kuma ta yafe masa, don ita ma da ta ga malfar ba ta tambayi komai ba.

Da hantsi ta isa Unguwar Marke. A gindin wata bishiya ta hango mutum yana tufka igiya, ya yi ƙiba, gemu ya fito, wata 'yar yarinya tana hawa bayansa yana cewa, "Goggo, sauka mana." Tasalla ta tsaya cak. Ta san abin da ke sa uba ya kira 'yarsa Goggo: sunan yayarsa ya sa mata, bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Sulle ya ɗago. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. "Adda?" ya ce, yadda yake kiran yayarsa tun suna yara.

Ta yi niyyar maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Sai ta jefa masa malfar a cinya ta ce, "Kai wane irin mutum ne da za ka ba baƙo aron malfarka ya mutu da ita? Mun yi maka uku, mun yi maka bakwai, mun yi maka arba'in!"

Sai da ta zauna ta warware masa zancen tukuna ya gane. Shi yana gidan dagaci lokacin da aka ɗauki kayan, da ya dawo aka ce wani da ya san dangin tsohon ya tafi da su, sai ya ce Allah ya kai lafiya. Ya riƙe kai yana salati, can kuma dariya ta ƙwace masa.

"Me aka dafa ranar arba'in ɗin?"

"Waina da gumba. Har akuya na yanka."

"Aka cinye babu ni."

Suka yi dariya har matarsa Saude ta fito da ƙwaryar fura tana kallonsu. Da dariyar ta lafa, Tasalla ta dube shi ta ce, shekara biyar, tafiyar yini ɗaya, me ya hana shi ko leƙowa?

Sulle ya sunkuyar da kai yana murza tabon yatsansa. "Adda, cewa kika yi sai kin kira ni. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na miƙe."

Tasalla ta goge fuska da gefen mayafi. Ta tashi tsaye, ta gyara ɗaurin zane kamar ranar da ta kore shi, ta ɗaga murya yadda duk unguwar za ta shaida.

"Sulle! Taho gida."

"Na'am, Adda," ya ce, ya kifa malfar a kansa.