Ranar da Muryar Malama ta Dushe

Malama ta buɗe baki za ta fara karanta babi na tara, sai wani ɗan ƙara ya fito kamar na tsohuwar ƙofa. Ta yi gyaran murya, ta sake gwadawa. Ina! Murar da ta kwana uku tana fama da ita ta tafi da muryar ɗungurungum. 'Yan aji suka kwashe da dariya, ita ma ta dara.

Yau dai ba ranar ɓacin rai ba ce. A jakarta akwai takardar jami'a. An ba ta gurbi biyu a digiri na biyu, ɗaya na adabi, ɗaya na koyar da harshe, kuma ƙarfe huɗu za a rufe karɓar zaɓi. Ita tuni ta gama shawara. Adabi take so tun tana yarinya, farfesan sashen ma da bakinsa ya ce yana jiranta. Na koyar da harshen nan, nacin maigidanta ne ya sa ta cika takardar nemansa.

Shekara uku ke nan tana koya wa wannan ajin adabi, bana za su gama sakandare, kuma kullum ita ke karantawa. Littafi bakwai ne ga ɗalibi arba'in da shida. Ga shi kuma, a faɗi gaskiya, Malama na son jin muryarta. Ta yi muryar tsoho, ta yi ta ɓarawo, aji ya yi tsit.

Ta miƙa littafin ga 'Yar Gaba, yarinyar bencin farko, wadda ba a taɓa yin tambaya hannunta bai tashi ba. Ta nuna mata shafin.

Yarinya ta miƙe ta fara zuba karatu tiryan-tiryan, har da muryar tsohon. Malama na gyaɗa kai, sai kan ya tsaya cak. Wannan ai babi na takwas ne, wanda ta karanta musu ran Litinin. Ta leƙa littafin. Babi na tara ne a buɗe.

Ashe da ka yarinyar ke kawo shi. Ta ɗora yatsa a layin farko, ta ce da raɗa, "Nan."

'Yar Gaba ta ƙura wa wurin ido. Leɓenta ya motsa. Ta haɗa harafi biyu, na uku ya gagara, sai hawaye shar.

Malama ta karɓe littafin ta bi aji benci-benci. Mutum goma sha ɗaya ne suka kai ƙarshen layi ba gargada. Wasu suka yi ta tuntuɓe, wasu ko gwadawa ba su yi ba, sai sunkuyar da kai.

Ana kaɗa ƙararrawa ta faɗa ɗakin malamai. Baba Lissafi, tsohon malamin lissafi, na zaune yana kurɓar shayi.

"Baba," ta ce, muryar da ƙyar take fita, "yaran nan ba su iya karatu ba!"

"Au, 'yata, sai yau kika sani?"

"Suna fa cin jarrabawata!"

"Ba ke kike karanta musu tambayoyin ba, su zaɓi amsa? Ni ma haka nake yi. Kunne gare su, wallahi. Amma jarrabawar fita ba mai karanta wa kowa."

Ta zauna daɓas a kujera. Kunya ta rufe ta, sannan haushi, kuma ba kowa take jin haushi ba sai kanta.

"To me za a yi?"

"Ni da lambobi na sani?" in ji Baba. "Ke da kika karanci harshe, yaya ake koya wa 'yar shekara sha bakwai karatu?"

Malama ta jawo jakarta. Tana iya feɗe waƙa baiti-baiti har farfesa ya jinjina mata, amma wannan tambayar ba ta san ta inda ake kama ta ba.

A cikin bas ta fito da takardar ta yi ta kallo. Son adabin yana nan, ko kaɗan bai ragu ba, shi ne ma abin da ya fi ci mata rai. Ƙarfe uku da rabi ta shiga jami'a. Ofishin farfesa a buɗe yake, har tana jiyo dariyarsa. Ta wuce da sauri kamar mai tsoron a kira ta.

Akawun ofishin rajista ya karɓi takardar, ya duba inda ta sa alama, ya ɗago.

"Koyar da harshe? Ba ke ce farfesa ke ta cigiya ba? Malama, in na buga hatimi fa ba a canzawa."

Ta yi ƙoƙarin amsawa, ko raɗar ma ta ƙi fita. Ta jawo 'yar takarda ta rubuta, "Na sani. Buga."

Kallo ɗaya ya yi wa rubutun ya karance shi. Ya ɗauki hatimi ya buga.