Subiyar Inna Yalwa

Inna Yalwa ta kurɓa, ta juya shi a baki, sannan ta karkata ta tofar a tasar da ke gefen katifarta.

"Wannan kuma daga ina?"

"Daga unguwar Zahir, Inna," in ji Kabira, tana share gumi da bakin mayafi. "Wajen mutumin nan da ake yi wa layi har bakin titi."

"To sun yi layin banza. Ruwan tsamiya ne da sukari, aka ɗiga masa kala. Ɗauke min shi daga nan."

Kabira ta ɗauke ledar. Ƙofarta da ta tsohuwar suna kallon juna ne a saman wata tsohuwar amara a unguwar Misfala ta Makka, irin dogayen gidajen hayan nan da fentinsu ya gama saɓulewa. Aikatau take yi a gidajen Larabawa, kuma kamar Inna Yalwa, ita ma aikin Hajji ne ya kawo ta ta zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama. Tun da likitan wani ƙaramin asibiti ya ce a mai da tsohuwa gida a yi ta lallaɓawa, ƙoda ta gaji, abinci ya daina wuce mata maƙogwaro. Abu guda take nema, subiya, abin shan nan na azumi, ruwan ƙasa mai sanyi.

Ga shi watan Sha'aban ne, masu subiya ba su gama fitowa ba sai azumi. Kabira ta zaga lungunan Misfala, ta sayo ta Bayamane, ta sayo ta wani Baturke mai shago kusa da gada, wanda ya zama ɗan gari. Ta kawo ruwan sha'ir na kwalba da ake sayarwa a kanti. Kowanne da laifin da Inna ta same shi da shi. Wannan ya cika zaƙi, wancan salam kamar ruwan wanke tukunya. Na kwalbar kuwa cewa ta yi kumfa ce kawai da tsada.

Ba don rigima take yi ba. Shekaru masu yawa ita ce mai subiyar da babu irinta a unguwar. Kowa da busasshen burodi da sha'ir yake yin tasa, fara ko ja. Ita kuwa da tsiron jar dawa take yi, ta soya shi sama-sama har ya yi duhu, sai abin ya fito ruwan ƙasa, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe da ƙamshi kamar na ƙanzon tuwo. A wani ƙauyen Maguzawa ta tashi a ƙasar Katsina, uwarta mai dafa burkutu ce. Ta musulunta ta auri wani fatake, suka zo Makka tare, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ba ta taɓa ɓoye asalinta ba, kuma wannan ne ya sa wasu ke sha suna yabo, wasu na taɓe baki.

"Kabira," in ji ta da ta huta, "na gaji da aiken ki kina kwaso min kunya. Je ki wurin masu hatsi, ki ce jar dawar Jizan. Kada su ba ki ta tattabaru, ta sha rana ta mutu. Mu za mu yi abinmu."

"Inna, tsiro fa yana ɗaukar kwanaki."

"Ai na sani. Kina tsoron kada in riga shi ne? To zan jira shi. In Mala'ika ya zo ya tarar ina da aiki, sai ya zauna."

Kabira ta yi dariya, idonta na kawo ruwa.

Washegari ta jiƙa dawar, ta tsane ta, ta ɗauki bokiti da buhun algarara za ta hau rufin amara inda Inna ta saba shimfiɗawa. A kan matakala ta yi kiciɓis da Malam Abdulrazak, mai gadin gidan, mutumin Sakkwato, wanda makullan ko'ina ke rataye a ƙugunsa. Ya leƙa bokitin, fuskarsa ta canza.

"An koma ke nan? Na ɗauka ciwo ya raba mu da wannan abu."

"Marar lafiya ce ta nema, Malam."

"Marar lafiya kalmar shahada take buƙata, ba tsimi ba. Ke ba ki san mafarin giya ke nan ba? A garin nan, ana ganin hasumiyar Harami daga rufin nan?" Ya rage murya. "In wari ya tashi wani ya kira baladiyya, hukumar gari, ba ni za a kwasa ba. Ni da iƙamata. Ku ne za ku kwana a gidan tarhil, a sa ku a jirgi da kayan jikinku."

Ya hau ya datse ƙofar rufin da kwaɗo.

Kabira ta yarda ba ƙarya ya yi ba. Ta san matan da aka kama a kan tallan gyaɗa kawai, yau suna Kano ba su da ko tabarma. Ta koma da bokitin ta faɗa wa Inna yadda aka yi, tana fatan tsohuwar za ta ce a bari.

"Kira min shi."

Malam Abdulrazak ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama yana kallon ƙasa. Inna Yalwa ta sa aka tada ta aka jingina da bango. Ta rame har zoben azurfarta na yawo a yatsa, amma muryar tana nan.

"Abdu, shekara nawa kana buɗa baki da dabinon da nake aiko maka?"

"Da yawa, Hajiya."

"Ka taɓa ganin wanda ya sha abina ya yi tangaɗi?"

"Ban gani ba. Amma abin da ya yi kama da haram, barinsa ya fi."

"Inabi ma ya yi kama, ga shi can ana sayarwa a ƙofar Harami. Ka ji nan. Ni a gindin tukunyar burkutu aka yaye ni. Na san inda giya take farawa, shi ya sa na san inda zan tsaya. Na bar gidan ubana saboda addinin nan, ba wanda ya kore ni, da ƙafata na fito. Ba kai za ka koya min tsoron Allah a kan kofin dawa ba. Riƙe rufinka. In kuma baladiyya za ka kira, ka ce su zo da abin ɗaukar gawa, don ba zan iya sauka matakala ba."

Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya juya.

A ɗakin suka shimfiɗa buhun, dab da katifa, inda hannun Inna zai kai. Kabira kan yayyafa ruwa kafin ta tafi aiki, in ta dawo ta tarar da tsohuwar ta zura hannu ƙarƙashin buhun tana shafa ƙwayoyin, ido a rufe. Duk motsin da aka yi a matakala sai Kabira ta kasa kunne. Ba wanda ya zo.

Wadda ta zo ita ce Nuf, jikar Inna, haifaffiyar Makka, mai aure a Zahir. Hausarta a karye take, rabi Larabci. Ta ga buhu, ta shaƙi warin danshi, ta dubi Kabira.

"Ya Khala, daktor ya ce mamnu'. An hana. Babu sukkar, babu komai. Kuma mutane suna kalam, suna gulma a kan Kaka."

"Su yi ta yi," in ji Inna daga kwance. "Likitan ya ce in na bari zan tashi?"

Nuf ta kawar da kai ta dubi buhun.

"To kin gani. Zo ki taɓa nan, ki ji abin da kakarki ta iya."

Nuf ta durƙusa da abayarta, ta sa yatsa cikin fararen saiwoyin da suka sarƙe da juna kamar auduga. Ba ta ƙara maganar likita ba. Ranar ma ba ta koma gida ba.

Kafin tsiron ya kai yadda ake so, Inna ta daina iya zama. Magana sai an kai kunne. Kabira ta so ta gaggauta, tsohuwar ta girgiza kai, ta nuna da yatsa cewa da saura. Sai da ta gamsu aka shanya shi a faranti a bakin taga, ranar Makka ta busar da shi kamar an toya. Da Kabira ta zuba shi a kasko, ƙamshi ya cika ɗakin, ya fita ya bi matakala har ƙasa. Ta tashi za ta rufe ƙofa.

"Bar ta a buɗe," in ji Inna.

Nuf ta niƙa, Kabira ta dama ta dafa, ta tace da farin ƙyalle. Aka sa tsamiya kaɗan, da citta, da kirfa. Inna ta ce kwana ɗaya tak zai yi a rufe, da safe a sa ƙanƙara, kuma duk abin da ya rage kada ya sake kwana, a ba mutane.

Da hantsi Kabira ta tallafo kanta, Nuf ta kai mata kofi. Ruwan ya yi duhu kamar zuma tsohuwa. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki. Kabira na kallon tasar tofi. Maƙogwaron tsohuwar ya motsa, ta haɗiye. Ta sake kurɓa.

"Kin ƙona shi kaɗan," in ji ta a hankali. "Hannunki na da gaggawa." Ta numfasa. "Amma ana sha. Ƙaro min."

Ta sha kusan rabin kofi, abin da ba ta yi ba tun farkon wata. Ta ce a juya ta ta fuskanci alƙibla. Nuf na karanta mata Yasin, ita kuma leɓenta na motsi da shahada. Ana kiran azahar Kabira ta ga zoben ya daina rawa a yatsan tsohuwar, rai ya yi halinsa.

Mijin Nuf ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu izini, aka ce za a sallace ta a Harami. Da aka zo saukar da ita, matakalar ta yi ƙunci, Malam Abdulrazak ne ya shiga gaba ya karɓi makarar a kafaɗa, yana ce wa samari su bi a hankali a kwana.

Mata suka cika ɗakin. Kabira ta zuba wa kowa, wasu suka sha, wasu suka ajiye a gefe. Duk da haka tukunyar ba ta yi rabi ba, rana kuwa ta karkata. Ta juye sauran a kula, ta zuba ƙanƙara, ta ɗauki kofunan roba.

"Ina za ki, Khala?" in ji Nuf. "Akwai dauriyya, 'yan sanda, a titi."

"Ta ce kada ya kwana."

Ta sauka ta ajiye kular a bakin ƙofar amara, dab da kujerar mai gadi. Malam Abdulrazak ya dawo daga maƙabartar Shara'i ke nan, ƙura a ƙafarsa. Ta miƙa masa kofi.

"Allah ya jiƙanta," in ji shi. "Amma ba zan sha ba."

"Ba dole, Malam."

Bai ce ta tashi ba. Ya ja kujerarsa gefe ya ba ta wuri.

Masu Umara na ta wucewa a ƙafa za su sallar magariba. Kabira ta riƙa cika kofi tana miƙawa, tana cewa sabil, sadaka. Motar 'yan sanda ta gifta a bakin layin, ba ta ɗaga kai ba. Wata tsohuwa 'yar ƙaramar halitta, da farin hijabi da tutar wata ƙasa a kafaɗa, ta tsaya ta karɓa. Ta sansana, ta kurɓa, ta lumshe ido. Ta faɗi wata magana da yarensu wadda Kabira ba ta gane ba, sannan ta miƙo kofin da hannu biyu.

Kabira ta karkata kular, ta tsiyaye mata abin da ya rage a gindi.