Yaren Mutum Biyu

Ɗan ludon mai fuska ashirin ya mirgina a kan teburin, ya daki kwalin donot, ya tsaya a kan sha bakwai.

"Ta ci!" Gus ya buga tebur. "Leland, kar ka soma murɗa mana doka. Sha bakwai ne, kowa ya gani."

"Wa ya ce zan murɗa?" Leland Koskela ya gyara zaman tabarau, ya leƙo daga bayan kwalin da yake ɓoye taswirarsa. "To, Yolanda. Sarauniyar Oshel ta amince, ta ba ku jirgin ruwa da matuƙa. Ga ta tsaye a bakin gaɓa, mutanenta a bayanta. Me za ki yi?"

Duk Asabar da hantsi nan suke haɗuwa, a ɗakin baya na wani shagon wasanni a birnin Duluth, tsakanin kwalaye da tsohon injin ɗumama ɗaki. Kowa da jarumin da yake wakilta a labarin. Leland ne mai ba da labarin: shi ne iska, shi ne 'yan fashi, shi ne sarakuna. Sauran ranakun mako kuwa wasiƙu yake rabawa gida-gida.

Yolanda, tsohuwar malamar lissafi wadda a wasan ɓarauniya ce, ta share sukari daga yatsunta. "Da yarensu zan yi mata sallama. Na gaji da kallon baƙauyiya da suke yi mini. Yaya ake cewa sai wata rana da Oshelanci?"

Leland ya soma neman kalmar. Ya san sunan iskar da ke zuwa kafin hadari. Ya san sunan igiyar da ta jiƙe ta ƙi kwancewa, da sunayen takubba iri-iri. Ya laluba ko'ina a kansa.

"Babu," ya ce.

"Babu?" in ji Gus. "Mutanen nan ba sa rabuwa ne? Ƙirƙiro mana yanzu, dattijo, wa zai kai ka ƙara?"

"Ba ni ke yin irin waɗannan ba."

Duk sun san wadda ke yi.

Shi da Corinne suka soma yaren tun suna jami'a, don kawai mutanen tekun da ke cikin wasansu su sami abin faɗa. Shi yake raɗa wa abubuwa suna, ita take ɗinke su su zama magana. Da suka yi aure yaren ya biyo su gida. Da shi suke gulmar mutane a layin kanti, da shi suke shiryawa in sun ɓata. Rabuwarsu ba ta zo da faɗa ba. Ita tana son fili da gona da 'ya'ya, shi yana son komai ya tsaya yadda yake, har wata rana ta gaji da jira. Yanzu tana arewa a gefen tafki, tana auren wani manomin tuffa mai suna Wendell. Tun daga nan Leland ba ya yin Oshelanci sai da muryar sarauniya, ga mutanen da ba sa ji sai ya fassara.

Ya naɗe taswirar. "Mu tsaya nan. Sarauniya za ta jira mako mai zuwa."

Gus ya biyo shi har wurin ajiye motoci, ko rigar sanyi bai sa ba. "Ina za ka?"

"Zan je in tambayo kalmar."

"Tura mata saƙo mana."

"Furuci ne, sai an ji da kunne."

"Waya ba ta da kunne? Mutumina, aikin jinya nake yi, na san ciwo idan na gan shi." Gus ya dafa ƙofar motar. "In ka ga dama ka je. Amma ka sayo mana tuffa, kar a ce tafiyar banza ka yi."

Hanyar ta bi gefen tafkin. Kaka ta yi nisa, bishiyoyi sun yi jajur, ruwan kuwa toka-toka har iyakar ganin ido. Leland yana tuƙi yana shirya jimlar da zai fara da ita. Ya gina ta da Oshelanci, ya rushe, ya sake ginawa. Wadda ya fi so ta yi kama da roƙo, sai ya bar ta. Sau da yawa ya wuce allon gonar nan a shekarun baya, bai taɓa rage gudu ba. Yau ya kunna sigina.

Rumfar sayar da kayan gonar tana bakin titi: akwatunan tuffa, tulin kabewa, kwalaben zuma a jere. Corinne tana ɗaure wa wata mata jaka, sanye da rigar sanyin namiji da ta yi mata yawa. Furfura ta fito mata a gaban goshi. Ya fito daga mota ya tsaya, jimlarsa a baki. A ƙarshen teburin wata yarinya 'yar kimanin shekara biyar ta buɗe kwalbar zuma tana zura yatsa.

Ba tare da ta juya ba Corinne ta ce, "Tilly, nessa vo!"

Leland ya ji kamar an zare masa ƙasa. Shi ya yi wannan kalmar. Umarni ne da matuƙan Oshel ke ba abokin gaba: ajiye makaminka. Yarinyar ta ajiye kwalbar, ta turo baki, ta mayar da amsa doguwa, da sauri, tana haɗiye ƙarshen kalmomi. Oshelanci ne tsantsa. Rabinsa bai gane ba.

Sai a lokacin Corinne ta ɗago ta gan shi. Jakar ta kusa suɓuce mata.

"Lee."

"Gus ne ya aiko ni sayen tuffa," ya ce da Turanci. Jimlar da ya shirya ta gudu.

"Tuffar Duluth ta ƙare ne?" Ta miƙa wa matar jakarta, ta goge hannu a jikin riga. Dariya ta so kama ta, ta fasa. "Ka rame. Ko rigar ce?"

"Tafiyar ƙafa ce." Idonsa na kan yarinyar. "Me ta ce yanzu?"

"Wai ba sha take ba, dubawa take ko zumar ta lalace."

"Akwai kalmomin da ban sani ba."

"Ai dole." Corinne ta janyo wani akwatin da babu komai a ciki, ta kife masa ya zauna. "Ka bar mini sunayen takubba kamar zan buɗe maƙera, amma babu cokali. Babu safa. Babu fitsari. Ka taɓa renon yaro da yaren da ba shi da fitsari?"

Ya yi dariya. Ya tambaye ta cokali, ta faɗa, ya maimaita. Ya tambaye ta safa, ta faɗa. Kalmomin sun zauna daidai, kamar dama can suna nan shi ne bai lura ba. Daga nan ya gaya mata abin da Yolanda ta nema.

"Ban taɓa yin ta ba," in ji Corinne. "Kullum ina cewa sai an kwana biyu. Amma Tilly tana da tata. Idan babanta zai fita gona, ummo take ce masa."

"Ummo?"

"Umeth orra ne ta tauna. Wato ka dawo da wani abu."

"Sarauniyar teku za ta tsaya a gaban rundunarta ta ce a yi mata tsaraba?"

"Ka san wata sallamar da ta fi wannan gaskiya? Ɗauka ka kai wa Yolanda."

Shi ke nan, ya sami abin da ya ce ya zo nema. Ya kamata ya tashi. Daga can cikin gonar ana jin ƙarar tarakta tana kai da komo. Tilly ta shige ƙarƙashin tebur tana jera ƙananan kabewa, tana leƙensa.

"Me ya sa kika koya mata?" ya tambaya.

Corinne ta ɗauki tuffa ɗaya tana juya ta. "Ban yi niyya ba. Tana jaririya kuka take yi ba ji ba gani. Na yi mata waƙa da Turanci har na gaji. Wata rana sai na ji bakina yana yi mata Oshelanci. Ba don ita ba ma, don ni. Ya cika mini baki, ba wanda zan gaya wa."

"Yaren kika yi kewa."

Bai yi niyyar ta fito kamar tambaya ba, amma haka ta fito. Ta dube shi sosai, ba ta kau da ido ba.

"Yaren, Lee," ta ce a hankali.

Ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya goge, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Kuma na daina," ta ci gaba, ta rage murya. "Wancan da ka ji suɓutar baki ce. Ta shiga makaranta bana. Ta gaya wa yara mamanta 'yar Oshel ce, suka je gaban taswirar bango suka nema har da malamar, ba su gani ba. Suka yi mata dariya. Ta dawo gida tana kuka, ta ƙi cin abinci. Ga Wendell kuma, yana zaune a teburinsa matarsa da 'yarsa suna hira bai san me ake cewa ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba, shi ya sa ma abin ya fi damuna. In na yi shiru, nan da shekara biyu za ta manta."

Leland ya so ya ce ba ta da ikon yin haka ita kaɗai, rabin yaren nasa ne. Ya so ya ce a duk duniya wannan yarinyar ce kaɗai ta tashi da shi a baki, ita ce ta mayar da wasansu abu mai rai. Amma ya dubi rumfar, da gonar, da ƙananan takalman roba da suka leƙo daga ƙarƙashin tebur. Babu abin da yake nasa a nan.

"Kin fi ni sanin abin da ya dace," ya ce.

Wata babbar mota ta tsaya, iyali guda suka fito suna hayaniya. Corinne ta nufe su da fara'ar ciniki. Leland ya miƙa hannu zai ɗauki jaka ya zaɓi tuffar Gus, sai ya ji an ja masa ƙafar wando.

Tilly ce. Ta fito ta tsaya a gabansa, zuma a haɓarta. Da Oshelanci ta yi magana, a hankali, yadda ake yi wa kurma.

"Na ji ka ce cokali. Kai ɗan Oshel ne?"

Ya dubi Corinne. Ta ba su baya, tana auna kabewa.

"Ina jin yaren," ya amsa. Shekaru ke nan bai yi shi da muryarsa ta gaskiya ba, sai ya ji ta baƙuwa.

Yarinyar ta yamutsa fuska. "Maganarka irin ta tsofaffi ce. Me ya sa ba ta cikin taswira?"

"Ba irin ƙasar taswira ba ce. Ni da mamanki muka yi ta, a kan teburin kicin, kafin a haife ki."

"Ƙarya ce ke nan."

"Labari ne. Ƙarya ana yin ta don a cuce ki. Wannan mun yi shi ne don mu sami wurin zuwa."

Ta auna maganar. Ba ta nuna ta gamsu ba, amma ba ta tafi ba. Ta hau kan akwatin da ke kusa da nasa, ƙafafunta na lilo.

"Akwai yara a can?"

Shekara da shekaru yana gina ƙasar nan. Ya san zurfin kowace tashar jirgi, ya san sarakunan da aka kashe da waɗanda suka kashe su. Bai taɓa sa yaro ko ɗaya a cikinta ba.

"Akwai," ya ce. "Akwai wata yarinya da ke zaune a saman hasumiyar fitila. Ita ke ƙirga jirage idan sun dawo. Wata safiya ta leƙa, sai ta ga jirgi ɗaya ya shigo ba kowa a cikinsa, sai akuya."

"Akuya!"

"Akuya, tana riƙe da sitiyari. Yarinyar ta sauko da gudu, ta je bakin ruwa, ta shiga jirgin, ta oran..."

"Oreth," in ji Corinne daga can, ba ta ko juyo ba, tana miƙa wa wani mutum canji. "Ta riga ta hau ruwa. Oran na mai tafiya a tudu ne."

Haka take yi masa tun suna jami'a, daga wani ɗakin ma, da baki cike da abinci. Ya ga kafaɗunta sun ɗan ƙage, alamar ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta ɗauki wata jakar ta soma cikawa, amma ta matso gefen teburin da ya fi kusa da su.

"Oreth," Leland ya gyara. "Ta taka zuwa wurin akuyar, ta gaishe ta."

"Sai me?" in ji Tilly.

Rana ta soma karkata, iskar tafki ta yi sanyi, kuma akwai tafiya a gabansa. Jimla ta gaba tana shirye a bakinsa, ya san daidanta sarai. Ya dubi bayan rigar Corinne, ya ɗan ɗaga murya, da gangan ya faɗe ta ba daidai ba.