Kujerar Ranar Juma'a

A bayan a-kori-kurar akwai kujera guda mai ruwan toka, ɗaure da igiyar shanya. Ƙarfen dafawa biyu, irin wanda ake kafawa a bango. Ƙaramar fanka ba kwali. Tsohon bargo. Kwalbar miyar wake, naɗe da tawul. Glenda na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, tana leƙa madubi duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Ta kama gangaren da ke bin gefen kogi ke nan waya ta yi ƙara. Mista Vernon ne, daga gadon asibiti.

"Opal ta bugo min," in ji shi. Numfashinsa na fita guntu-guntu. "Wai kin sayi kujera ran Juma'a."

"Na saya."

"Shekara tara ina koya miki kasuwa, 'yar nan. Da jaki na koya wa, da yanzu ya buɗe shagonsa."

"To ka kira jakin ya ɗauko ka daga asibiti."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta jira tarin ya lafa.

"Da kin haƙura zuwa Laraba," ya ce. "Kwana biyar a gidan tsofaffi ba zai kashe ni ba."

"Wa ka sani da ya shiga can ya fito?"

Ta ji ƙarar wata na'ura a gefensa, sannan ya kashe wayar.

Mista Vernon maƙwabcinta ne, ƙofarsa na kallon tata tun mijinta na da rai. Shekararsa saba'in da tara, arba'in daga ciki ya yi su ne durƙushe a bayan injin wankin mutanen Portsmouth. Yana ajiye aiki aka buɗe shagon kayan mayarwa a tsohon ginin masu katifa, bayan gidan mai. Duk abin da wani ya saya ta waya, ya buɗe ya ga bai yi masa ba, ya mayar, can yake ƙarewa. Alhamis shago a rufe, ana sauke babbar mota. Juma'a a buɗe da kaya maƙil cikin dogayen komaye na katako, a farashi mafi tsada. Daga nan kullum farashi na sauka har Laraba, ranar da kome ke cikin komi dala ɗaya ne, manyan kayan da ke jingine da bango kuwa kusan kyauta. Dokar wurin biyu ce. Wanda hannunsa ke kan abu, nasa ne. Abin da ya fita ƙofa kuma ba ya dawowa.

Shi ɗan Laraba ne. Yakan je ran Juma'a, amma hannu a aljihu, ya zaga, ya duba, ya gaisa. Laraba ya koma ya kwashe abin da kowa ya tsallake. "Cikin kaya goma da aka mayar," yakan ce, "guda ne ya lalace. Sauran taran, mai su ne bai karanta takarda ba." Sai ya kai garejinsa ya kwance, ya gyara. Bai taɓa sayarwa ba. A layin nan da wuya ka shiga gidan da babu abinsa: na'urar ɗumama ɗaki a falon Glenda, keken ɗinki a gidan fasto, tukunyar lantarki wajen matar da ke reno a ƙarshen layi.

Yanzu zuciyarsa ta gaji, ruwa na taruwa a huhu. Ba ya iya kwanciya a miƙe, ba ya iya tashi daga zaune sai an ɗaga shi. Likita bai ɓoye masa ba. Shi kuma ya ce gida zai tafi. Aka ce sai dai in akwai inda zai yi barci a kishingiɗe, ya kuma miƙe ba tare da mutum biyu sun cicciɓe shi ba. Gadon da za a ba shi aro sai bayan kwana goma. Gidan kula da tsofaffi kuwa yana da ɗaki tun gobe, kuma 'yarsa Rita, wadda ta zo daga Columbus, ta riga ta cike rabin takardun. Ma'aikaciyar jinya za ta zo duba gidan yau ƙarfe huɗu. Abin da ta gani shi ne magana.

Shi da bakinsa ya taɓa gaya wa Glenda cewa kujerun nan masu tayar da mutum tsaye ba sa yankewa a shagon, don mutane kan saya wa iyayensu a makare. Saboda haka tun ƙarfe bakwai ta shiga layi. Da aka buɗe ƙofa ƙarfe tara, jama'a suka yi kan komaye, ita ta yi bango. Kujera guda ce. A kanta kuma Opal ce zaune, ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

Opal 'yar Juma'a ce. Takan saya da tsada ta sayar a kasuwar ƙarshen mako, kuma shekara tara ita da Mista Vernon suna zagin sana'ar juna. Ta ba saba'in baya, amma ba a riga ta isa bango.

"Tashi, Opal."

"Ni na riga ki, 'yar'uwa. Doka doka ce."

"Ta Vernon ce."

"Wannan tsohon mai maƙon? Ran Juma'a? To sai dai in mutuwa zai yi."

Glenda ta kafa mata ido. Opal ta dube ta, ta sauke ƙafarta.

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ta miƙe, amma ba ta ɗauke hannu daga kujerar ba sai da Glenda ta ɗora nata, don akwai wani mutum mai hular kwano yana kewaya su. Sannan ta nuna takardar da aka manna a gefe.

"Kin karanta? Wai ba ta aiki, babu wayar wuta, babu abin latsawa."

"Na karanta."

"Kin san dai ba a mayarwa."

"Na sani."

Opal ta kutsa cikin jama'a da gwiwar hannu. Kafin Glenda ta biya, ta dawo da ƙarafan nan biyu da fanka. Ta kuma ciro miyar waken da ta zo da ita don abincin rana, ta cusa a motar.

"Ki gaya masa ba don shi na yi ba. Ba na son layin Laraba ya yi shiru ne."

Glenda ta isa gida ta tarar da Rita a bakin ƙofar mahaifinta, da takardu a hannu, idanunta sun faɗa saboda rashin barci. Glenda ta san ta tun tana tafiya makaranta da jakar da ta fi ta girma. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Suka jingina katako biyu daga garejin, suka kwantar da kujerar kan bargo, suka ja ta har falo, kamar yadda Mista Vernon ke sauke injin wanki. Sai a lokacin Rita ta ga takardar.

"Mis Glenda, wannan ai matacciya ce."

"Haka suka rubuta."

"Araha ba ta ado. Tun ina yarinya gidan nan cike yake da abin da wasu suka ƙi. Ko rediyon ɗakina na wani ne." Ta zauna a hannun kujerar. "Yanzu kuma a kan abin da wani ya yar zai ƙarasa?"

"Ko a nan, ko a ɗakin da bai san inda makunnin fitila yake ba."

"Can akwai mai duba shi dare da rana. Ni ban san kome ba. In numfashinsa ya tsaya me zan yi?"

Glenda ta ɗauko na'urar huda bango ta tafi kafa ƙarafan, ɗaya a hanyar banɗaki, ɗaya a ciki. Rita ta laluba aljihun gefen kujerar, ta cusa hannu ƙarƙashin matashi, ta zagaya baya. Babu waya. Ƙarfe uku da kwata Glenda ta buga asibiti, ta saki murya don su ji tare.

"Kun kife ta?" in ji Mista Vernon.

"Me za mu kife?"

"Kai. Jakin dai ya fi. Ku kife ta."

Suka kife ta. Ƙasanta baƙin ƙyalle ne, an ɗame shi.

"Shafa gefe-gefe, ta wajen ƙafar baya. Ba da ido ba, da yatsa."

Rita ce ta taɓo kan zik, ɗan ƙarami, baƙi a kan baƙi. Ta ja. Wata jakar leda ta faɗo, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba. A ciki ga waya, ga abin latsawa mai maɓalli biyu, ga takardar bayani.

"Can suke ɓoyewa don kada ya fashe a hanya," ya ce. Ya tsaya ya ja numfashi. "Mutum ya buɗe kwali, bai gani ba, ya yi fushi, ya mayar."

Suka tayar da ita, suka jona a bango. Rita ta latsa. Shiru. Ta sake latsawa da ƙarfi. Ta dubi agogo, ta dubi Glenda.

"Ba ta motsa ba, Baba."

"Ki leƙa bayan majingina, daga ƙasa. Za ki ga waya biyu a rataye, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya kamar ni da Opal. Sulhunta su."

Glenda ta kwanta rubda ciki, ta lalubo su, ta haɗa. Rita na zaune a kujerar, yatsanta bai bar maɓallin ba. Wani gurnani ya taso a hankali. Kujerar ta ɗaga baya, ta sunkuyo gaba, ta tura Rita har ta tsaya da ƙafafunta a tsakiyar falon. Ta tsaya a haka jim kaɗan. Sannan ta wuce madafa ta buɗe famfo, ya daɗe yana zuba.

Ma'aikaciyar jinya ta zo huɗu da minti goma. Ta zauna a kujerar, ta hau, ta sauka, ta girgiza ƙarafan bango, ta auna faɗin ƙofa. Ta tambayi wa zai kwana da shi. Rita ta ce ita. Matar ta zaunar da su ta faɗa musu yadda ƙarshen zai zo, da maganin da za a ɗiga masa ƙarƙashin harshe, da lambar da za su kira. Ta sa hannu, ta bar wa Rita takarda guda mai nuna burinsa: in lokaci ya yi, kada a mayar da shi asibiti.

Asabar aka kawo shi. Abin da ya fara gani shi ne ƙarfen hanyar banɗaki.

"Wane makaho ne ya kafa wannan?"

"Riƙe dai," in ji Glenda.

Ya riƙe. Suka juya kujerar ta fuskanci tagar da ke kallon garejin. Ya sha cokali huɗu na miyar wake da ɗan burodin masara, ya ce gishiri ya yi yawa, a gaya wa mai ita. Lahadi mutanen layi suka yi ta shigowa ɗaya-ɗaya, ba wanda ya daɗe. Litinin Opal ta zo ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta shiga ba shi labarin komaye: injin niƙa ba murfi, takalma duk na ƙafar hagu, wata mata da ta sayi rufaffen kwali ta tarar da abincin kyanwa ne.

"Baba," Rita ta ce bayan ta tafi, "tsakani da Allah, akwai riba a zuwa wurin nan?"

"In kina sauri, babu. Za ki kwaso shara ki yi nadama." Ya rufe ido. "In kina da yatsu da haƙuri, akwai. Ni dai na samu abin tashi da safe."

Talata ce ta ƙarshe. Kafin rana ta faɗi ya cika. Amma tun da tsakar rana numfashinsa ya canja, yana tsayawa ya daɗe, sannan ya dawo da ƙara. An faɗa musu haka za a yi, sai dai ji daban, gani daban. Glenda na wanke kofuna ta jiyo Rita a waya tana ba da lambar gida, kuma ba lambar da aka bar musu ta kira ba. Bayan minti goma motar asibiti ta tsaya a ƙofa. Maza biyu suka hau matakala da gadon ɗaukar marar lafiya.

Glenda ta goge hannunta ta tsaya a bakin madafa. Ba mahaifinta ba ne.

Rita ta buɗe musu, sannan ta waiwaya. Yana kishingiɗe, idonsa rabi a buɗe, abin latsawar na cikin tafinsa. Ya ɗaga kujerar kaɗan, ya sauke ta kaɗan, ya karkata kai yana saurare. Leɓensa ya motsa. Rita ta matsa ta sunkuya.

"Me ka ce, Baba?"

"Kujerar na son mai," ya ce. "Ta hagu. Ɗigo biyu."

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe, ta ɗauko takardar da ma'aikaciyar jinya ta bar mata, ta miƙa wa babban cikinsu. Ya karanta, ya dubi tsohon ta saman kafaɗarta, ya mayar mata.

"Kin tabbata, baiwar Allah?"

"Ku yi haƙuri, na taso ku a banza."

Suka juya da gadonsu. Ta jira har suka sauka matakalar ƙarshe. Ta tura ƙofar a hankali, ta murɗa mariƙin don kada ya yi ƙara, ta jingina bayanta da ita.

"Mis Glenda, ɗauko man a gareji," ta ce. "A nan zai zauna."